Hangen Himalaya ba hawa ba ne: wasiƙa ga ɗan Goggo na Babura

Ɗan Goggo, yaya rairayin Babura? In ka ga saƙon nan a shafin jarida maimakon a kawo maka shi a hannu, kada ka ga laifina. A gaban jama'a ka yi cika bakinka, a gaban jama'a za ka karɓi amsa.

Bari in fara yi wa masu karatu bayanin yadda muke, kada wani ya ce na ci zarafin bawan Allah. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, Bafulatanar Roni, ƙaddara ta kai ta aure Babura gidan Barebari. Wasa biyu ke nan ya haɗu a kan mutum ɗaya, ga na taubasantaka, ga na Fulani da Barebari. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Ni Bafulatani, shi Babarbare. Ta kowace ƙofa aka shigo ni ne ubangida, kuma ko gaban alƙali ya kai ƙara, dariya za a yi a sallame mu.

Ka tuna bikin da ya haɗa mu a Kazaure watan jiya? An ci an sha, an baje tabarmi a gindin darbejiya, sai ka gyara zaman hularka ta zanna, ka zaro waya, ka shiga nuna wa mutane wani farin gini da aka manna a jikin dutse kamar sheƙar tsattsewa. Ka ce in Allah ya kai mu baɗi nan za ka je hutu, ka yi kwana goma kana hawan duwatsu kana kallon al'adun mutane. Aka ce ina ne? Ka ce Butan. Kawu, da kunnensa ya fara nauyi, ya ce, “A can ake ƙera buta?” Kowa ya yi dariya, ni kaɗai na yi shiru, don na san wanda ke maganar. Inda ba ƙasa ake gardamar kokawa, kuma inda ba dutse ake cika bakin hawan dutse.

Da na koma gida na zauna na binciki ƙasar nan, saboda hakkin ubangida ne ya san inda bawansa zai kai kansa. Ƙaramar masarauta ce a cikin duwatsun Himalaya, Indiya ta kewaye ta daga kudu, Sin daga arewa. Mutanenta duka ba su kai miliyan ɗaya ba, yawancinsu mabiya addinin Budda. Gidan sarautarsu na Wangchuck ya hau mulki a 1907, sarki na biyar ne ke kai yanzu, ya karɓa daga hannun mahaifinsa a 2006. Sai a 1974 suka fara barin baƙi masu yawon buɗe ido su shiga, talabijin da intanet kuwa sai a 1999. Timfu, babban birninsu, ko danja ɗaya babu a titi, ɗan sanda ne ke tsayawa yana ba da hannu. Wannan kam zai yi maka daɗi, za ka ji kamar ba ka bar gida ba.

Mu fara da kuɗi, tunda na san a nan ciwonka yake. Duk baƙon da ya fito daga nesa irinka, gwamnatinsu na karɓar dalar Amurka 100 a kansa kowane dare. Wannan kuɗin shaƙar iskarsu ne kawai, ba a zo maganar masauki ba, ba abinci, ba mota, ba ɗan jagora. Ka ma yi sa'a, a 2022 dala 200 suka yanka, sai a 2023 suka rage. Kwana goma dala 1,000 ke nan. Je ka Wapa ka tambayi 'yan canji nawa ne a naira, amma ka nemi benci ka zauna kafin su ba ka amsa. Kai da muke ja-in-ja da kai a kan kuɗin shara tun shekara uku, kai da ka taɓa sauka daga mota a Ɗambatta saboda kwandasta ya ƙara naira hamsin, yau kai ne za ka zuba wa mutanen Budda dala dubu don su bar ka ka gaji?

To a ce ka biya. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga Kano ya dire ka can, sai ka yi ta sauka kana tashi har ka kai irin su Delhi ko Katmandu, sannan ka shiga jirgin da zai kai ka Paro. Filin jirgin nan a cikin kwari yake, duwatsu sun yi masa ƙawanya. Matuƙa ƙalilan ne aka yarje wa sauka a wurin, kuma da rana kawai, don sai matuƙi na ganin ƙasa da idonsa. Jirgi kan yi ta karkata tsakanin duwatsu kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Ni fa na taɓa zama kusa da kai a mota ranar da muka hau gadar sama ta Ƙofar Nasarawa. Babu addu'ar da ba ka karanto ba, har da ta shiga kasuwa. Ina tausayin wanda zai zauna kusa da kai a jirgin Paro.

Sai kuma ginin da ka nuna mana. Sunansa Taktsang, wato Sheƙar Damisa. Wurin ibadarsu ne, an gina shi a 1692, gobara ta ci shi a 1998 suka sake gina shi. Yana sama da teku da mita 3,120, kuma daga gindin kwarin zuwa ƙofarsa hawan mita wajen 900 ne. Babura kuwa duk faɗinta ba ta kai mita 500 sama da teku ba, kuma a shimfiɗe take kamar faifai. Abu mafi tsawo da ka taɓa hawa a garinku shi ne rumbu, shi ma da tsani, kuma yara biyu na riƙe da tsanin. Mai lafiya kan yi awa biyu zuwa uku yana hawa Taktsang. Akwai dawakai na haya, amma iyakarsu rabin hanya, kuma ba sa sauko da kowa. Idan ka zaci ka iso, ka ga ginin ga shi nan kamar ka miƙa hannu, sai ka tarar da matakala wajen 700, ka gangara har bakin wani ruwa mai zubowa daga sama, sannan ka sake hawa. Matakalar Dala 101 ce, kuma sau biyu ka huta ranar da muka kai yara.

Iskar can ma ba irin tamu ba ce. Mutum in ya wuce mita 2,500 iska takan yi masa ƙaranci, kai ya yi ciwo, zuciya ta yi ta tashi, numfashi ya zama na aro. Ba ruwan wannan ciwo da babbar riga, ba ruwansa da sarauta. A labarin da suke bayarwa, malamin da ya kai musu addinin a ƙarni na takwas, wanda suke kira Guru Rinpoche, a bayan damisa ya tashi sama ya sauka a kogon. Ka ji fa, mai wurin ma bai yarda ya taka da ƙafa ba. Kai da jaki ya kayar a gaban 'yan mata a kasuwa, wace damisar ce za ta tsaya ka hau?

Abin da ya fi ba ni dariya, na san hoto ne zai kai ka. So kake ka tsaya cikin ginin ka ɗaga yatsu biyu, mu gani mu ƙone. To a bakin ƙofa ake karɓe waya da kyamara da jaka, a ajiye sai ka fito. Takalmi ma sai ka cire kafin ka shiga ɗakunan. Ka bar Babura, ka ƙetare teku, ka zubar da dala, ka zubar da gumi, ka dawo ba shaida. Mu kuwa a gidanmu maganar Babarbare ba ta tsayuwa sai da shaidu biyu, kuma su kasance Fulani.

Mu zo kan abinci. Babu burabusko, babu miyar yakuwa irin ta gidanku. Babban abincinsu sunansa ema datshi, barkono ne zalla ake dafawa da cuku. A wurinsu barkono shi ne miyar, ba kayan miya ba. Jar shinkafa ake ci da shi. Shayinsu kuwa da man shanu da gishiri ake kaɗa shi. Nama akwai, amma mutane ne da addininsu ke ƙyamar yanka, yawanci daga Indiya ake shigo da shi, kuma na san tarbiyyar Goggo ba za ta bar ka ka ci abin da ba ka san wanda ya yanka ba. Me ya rage maka? Madara, man shanu, cuku. Ɗan Goggo, dala 100 kowane dare don ka ci abincin Fulani! Ai da ka faɗa mini, da na sa an dama maka fura da kindirmo kyauta, har da guzuri.

Ba a nan abin ya tsaya ba. In ka nausa arewacin ƙasar, can sama, za ka tarar da makiyaya masu kiwon wata irin saniya mai gashi har ƙasa da ake kira yak. Lokacin ɗumi su hau sama da dabbobinsu, sanyi ya shigo su gangaro. Mene ne wannan in ba mashekari ba? Akwai wani ƙauyensu mai suna Laya, ka ji suna kamar a gidanmu aka raɗa, matansa na sa 'yar malfa mai tsini da aka saƙa da gora. Wasan da ƙasar ta fi ji da shi harbin kibiya ne, ana kafa abin bara nesa da mita 145, kuma yayin da mutum ke ɗana baka abokan hamayya na yi masa waƙar zolaya don hannunsa ya yi rawa. Shanu, malfa, kwari da baka, ga ba'a. Ka gudu daga Fulanin Roni, ka biya kuɗin jirgi, ka faɗa hannun Fulanin Himalaya. Duk inda Babarbare ya je a duniyar nan, Allah ya riga ya ajiye masa ubangida.

Abu ɗaya zan yarda zai yi maka daɗi. Suna da nasu goron, sunansa doma, wata ƙwaya ce ake naɗewa a ganye da ɗan farin abu kamar alli. Da ita ake tarbar baƙo, da ita ake buɗe hira, kuma tana rina baki ja kamar na tsohuwar da ta ci goro da fure. Sai dai kayan sawarsu za su ba ka kunya. Rigar maza, gho, iyakarta gwiwa, a ɗaure ta da ɗamara a sa doguwar safa. Kai da yadi goma ba ya isar ka riga, ina son in ga ranar da za a fito da ƙwaurinka fili.

Kada ka ce hassada ce ke cina. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wallahi da na karanta labarin mutanen nan sun burge ni. Dubi abin da suke sayarwa: dutse, itatuwa, tsofaffin gine-gine, tufafin kakanni, da labari. Shi ke nan hajar. Amma sun riƙe ta da daraja har duniya ta yarda ta biya. Tsarin mulkinsu na 2008 ya wajabta kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ya zauna daji har abada. Ma'aikaci ba ya shiga ofis, ɗalibi ba ya shiga aji, sai da tufafin gargajiya. Dutsensu mafi tsawo, Gangkhar Puensum, mita 7,570 ne, kuma har yau ba wanda ya taɓa taka ƙololuwarsa, don sun hana, sun ce wuri ne mai alfarma a wurinsu. Turawa na da kuɗin biya, 'yan ƙasar suka ce a riƙe. Sarkinsu na huɗu shi ya kawo ra'ayin a riƙa auna ci gaban ƙasa da kwanciyar hankalin mutanenta, ba da yawan dukiya kaɗai ba.

Kuma kada ka zaci aljanna ce. A farkon shekarun 1990 mutane wajen 100,000 masu jin harshen Nepal sun bar ƙasar, suka ƙare a sansanonin gudun hijira. A 'yan shekarun nan kuma matasansu masu ilimi na ta kwarara Ostareliya neman aiki. Wato yayin da kake Babura kana mafarkin dutsensu, ɗan gindin dutsen yana can yana cika takardar biza. Kowa na hangen tuwon maƙwabci.

Mu fa? Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya san inda ƙasa ke fara tashi, duwatsu su fito dama da hagu, ka san ka shigo ƙasar Kazaure. Kullum muna wucewa ta gabansu a mota, gilashi a rufe, ido a kan waya. Masana duwatsu sun san da zamansu, har jerin duwatsun suna da suna a littattafansu da sunan Kazaure, kuma a lissafinsu irin waɗannan duwatsu sun haura shekara miliyan 500. Himalaya da kake rawar jiki a kanta ba ta wuce miliyan 50 ba, har yanzu ƙara tsawo take kamar yaro mai tasowa. Namu tsufa ne ya ranƙwafar da su, iska da ruwa suka cinye musu tsawo, kamar yadda Kaka ta koma 'yar ƙarama kafin Allah ya karɓi abarsa. A tarbiyyar da aka yi mana, ba a tsallake tsoho a je gaida yaro.

Don haka ga shawarar ubangida. Kafin Butan, ka zo in zagaya da kai na kwana uku. Mu sa shi ƙarshen damina, gero ya sunkuya, duwatsu na kore, ƙura ba ta taso ba. Ka bar babbar riga a gida, ka bar takalmin nan mai ƙyalli, ka nemo na roba irin na makiyaya. Sanda ni zan ara maka, don na san Babarbare ba ya mallakar sanda sai ta ado.

Ranar farko Kazaure. Da an sallame asuba mu kama hawa, kafin rana ta yi zafi mun kai sama. Daga can za ka ga garin kwance a tsakiyar duwatsu, hayaƙin koko na tashi, ruwan madatsar Muhammadu Ayuba na ƙyalli. A nan za ka gane labarin da manya ke bayarwa, cewa wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a wurin, ya dubi yadda duwatsu suka kewaye shi ya ce wurin nan kamar zaure, sunan ya bi gari. A nan kuma zan ba ka tarihin iyayen gidanka: yadda Ɗantunku ya kafa masarautar wajen 1819 yana zaune a Ɗambatta, yadda ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo har aka bar masa ƙasarsa, yadda ɗansa Dambo ya dawo da gadon sarauta cikin duwatsun nan. Ba don sha'awar kallo ya zaɓi wurin ba, dutse ganuwa ce da ba a biya magina ba. Masarautar cikin duwatsu kake nema? Ga ta nan tun kafin gidan Wangchuck ya hau mulki da shekara kusan casa'in. In mun sauko mu bi ta ƙofar fada, inda Mai Martaba Najib Hussaini Adamu ke zaune tun 1998. In kuma rawar fuskoki da kayan ado na bukukuwan Butan ne suka ɗauke maka hankali, dawo ranar hawan Sallah ka ga dawaki da lifidi da algaita, ka faɗa mini abin da aka fi mu.

Rana ta biyu Roni, kuma kai ka san abin da ke jiran ka a can. Dutsen bayan gidan Kaka na nan inda ka bar shi. Masu karatu, ku matso. Muna 'yan shekara goma aka kawo shi hutu. Muka ce za mu hau dutse tsinkar kanya, ya ce shi ma jarumi ne. Mun yi rabi sai wata rema ta fito daga kogo ta dube shi. Bawan Allah ya ƙanƙame wata sabara, ya rufe ido, ya shiga kiran Goggo da Barbarci. Ba lallashin da ba mu yi ba. Ƙarshe wata yarinya mai kiwon awaki, ba ta kai shi shekaru ba, ita ta riƙo hannunsa ta sauko da shi tana cewa kada ya dubi ƙasa. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma sabarar na nan, mun sa mata sunanka. Wanda rema ta tsayar, shi ne zai je Sheƙar Damisa.

Rana ta uku Gwiwa, can wajen iyakar Katsina. Ban ce daga nan sunan ya samo asali ba, amma bayan hawan kwana biyu gwiwarka da kanta za ta yi maka fassara. A ranar ba za mu yi hawa da yawa ba, ƙafa za mu saki daga ƙauye zuwa ƙauye, mu bi burtali, mu huta a gindin kuka, mu sha ruwan randa, mu tsaya a ruga a dama mana fura. Duk gidan da muka yi sallama za a shimfiɗa mana tabarma ba tare da an tambayi fasfo ba. In ƙarfinka ya saura, Daura ba nisa, mu je ka leƙa rijiyar Kusugu. In ka ƙara samun hutu, a jiharmu ta Jigawa akwai zanen mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, akwai dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Su tsuntsayen sun san hanya ba ɗan jagora, mu 'yan gida ne ba mu sani ba.

Amma zan nuna maka har abin da ba na son nunawa. Za ka ga inda aka fasa gefen dutse ana loda tsakuwa a tifa. Za ka ga kututturen marke da na ƙirya inda a da inuwa ce, an sare an yi gawayi. Ba na zagin mai faskare, yunwa ce ta aike shi, kuma da itacen nan ake dafa tuwon da ni da kai muke ci. Sai dai wuraren da muka tsinki kanya da ɗinya muna yara, yau sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga guda. Ba hanyar hawa da aka gyara, ba allon da ke faɗin sunan wuri, kuma tsofaffin da suka san wane kogo aka ɓuya a ciki lokacin yaƙi suna ta tafiya da labarinsu. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Kazaure ya biyo. Ran da jirgin ya fara sauke baƙi, wani ya nuna dutse ya ce mene ne labarin wancan, wa zai amsa? Ɗalibai cike da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, daga jihohi daban-daban, wasu har su gama ba wanda ya taɓa cewa su zo a hau da su. Mutanen Butan ba su fi mu labari ba, riƙo suka fi mu. Abin da mai shi ya yar, ba baƙon da zai sunkuya ya ɗauka.

Saura maganar lada, don ɗan jagora ba ya aikin banza. Tsarin Butan zan bi, 100 kowane dare, sai dai ni goro nake karɓa. Ƙwarya guda ke nan a dare, kwana uku ƙwarya uku, fari ba ja ba, kuma ni zan zaɓa. Ka haɗo da turaren wuta na gidanku, wannan kam na yarda kun iya, a kai wa Inna. Waya ba zan karɓe ba, ka ɗauki hoto son ranka, ni ma zan ɗauki naka lokacin da kuka sake haɗuwa da rema.

Kuma ka zo da Goggo. Rannan da na je gaishe ta, kana kasuwa, ta riƙe ni da hira har la'asar, duk a kan duwatsun nan. Ta ce tana budurwa ta cikinsu take ratsawa da ƙwaryar nono a ka, ba ta taɓa zubar da ko cokali ba, ta kai kasuwa ta sayar ta dawo kafin magariba. Ta lissafa mini duwatsun ɗaya bayan ɗaya da sunayen da suke kiran su, wasu ni kaina ban taɓa ji ba. Ta ce shekara shida rabonta da Roni, kullum ka ce mata sai an sami lokaci. Mai neman kwana goma na Himalaya ya rasa yini ɗaya na kai tsohuwa garinsu. Ba za ta iya hawa ba yanzu, mun sani. Mu shimfiɗa mata tabarma a gindin dutsen, ta zauna tana nuna mana hanya da sanda, jikokinta na rubuta sunayen. Ka ga ɗan jagoran da Butan ba ta da irinsa. Zumunta a ƙafa take, ɗan Goggo, kuma wannan tafiyar ba ta buƙatar biza.

In ka kai ƙololuwar dutsen bayan gidan Kaka da ƙafarka, ba wanda ya riƙe maka hannu, na yi alkawari a gaban masu karatu ni zan kai ka filin jirgin Malam Aminu Kano da motata, in riƙe maka jaka, in yafe kuɗin sharar shekara uku. In kuwa ka sake ƙanƙame sabara, to ka bar maganar Butan har abada, ka sayo wa Kawu butarsa a kasuwar Babura a wuce wurin.

Shafin nan a buɗe yake in kana da bakin ramawa. Ka rubuto da Hausa, kada ka sa mu neman tafinta.

Naka har kullum,
Ubangidanka, Bafulatanin Roni.